Rimot na Biyu

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Auta ta ja ƙofar gida ta nufi shagon kayan wuta, rimot ɗin Baba a dunƙule a hannunta. Minti goma ta ba kanta. Kafin ta fito ta juya Baba ya kwanta ta ɓangaren da ke da rai, ta tura masa filo a baya, ta ce yanzu za ta dawo. Ya bi ta da ido har bakin ƙofa. Ido ne ya rage masa, sai babban yatsan hannun hagu.

Shekara shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Su biyar ya haifa. Huɗu suna da aiki, suna da iyali, suna da uzuri. Auta kuwa keken ɗinki gare ta, wanda a ganinsu ba aiki ba ne, tunda a gida ake yin sa. Haka aka zauna aka yanke shawarar wanda zai riƙe Baba, ita tana kicin tana dafa wa masu shawarar shayi.

Babban Yaya ba ya zuwa, amma yana aiko kwali. Ya aiko na'urar auna jini, ya aiko katifa mai hura kanta wadda ta sace a kwana tara. Kwalin ƙarshe ɗan rimot ne mai madanni biyu, da wani baƙin abu kamar akwatin ashana da ake kira risiba. A haɗa risibar da fitilar ɗakin ɗinki, a ba Baba rimot. In yana son Auta sai ya rage hasken ya ƙara, ta gani ta zo.

"Auta, duniya ta ci gaba," in ji Yaya ta waya, da muryar nan tasa ta mai bayani a gaban allo. "Yanzu ba sai mutum ya tasa mara lafiya a gaba ba. Komai na'ura ce."

Abin haushin shi ne, sau ɗaya a rayuwarsa ya yi gaskiya. Auta ta fitar da kekenta daga ɗakin jinya zuwa ɗakin gaba mai taga a kan titi. Mata suka fara shigowa ba tare da sun toshe hanci da gefen mayafi ba. Wata makaranta ta ba ta ɗinkin yunifom. Ita da Baba suka yi yarensu: haske ya sauka ya tashi sau ɗaya, ruwa yake so, sau biyu, a juya shi, sau uku, a zo da gudu. Wani lokaci ma yakan danna don kawai ta leƙo, ta tarar ya lumshe ido kamar ba shi ba.

Wata huɗu ta yi tana jin kanta mutum. Sai fitilar ta fara kira ba da sanin Baba ba.

Mai shagon shi ne ya haɗa musu kayan tun farko. Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Ta same shi yana shirin rufewa, ya shigar da rabin kwandunan soket, testa a maƙale a bayan kunne. Da ya hango ta sai ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga mai ciwon da ya riga ya sallama.

"Ƙanwata, ba dai fitilar nan ba ce kuma."

Ta ɗora rimot a kan kantar shagon. Shi kuma ya fara lissafi da yatsu, kamar yadda ya yi zuwan farko da na biyu. A ilmance, in ji shi, don kowace magana tasa da "a ilmance" take farawa, abu huɗu ne ke haukata irin wannan risiba. Na farko ƙwan fitila: ba kowane ƙwan LED ne ke yarda a rage masa haske ba, wani sai ya yi ta ƙifta ido yana kuka kamar ƙudan zuma. Ta ce shi da kansa ya canja ƙwan, ya sa mai yarda. Na biyu, ƙwan LED ba ya cin wuta, ɗan abin da ke zurara a waya ya ishe shi ya yi ta ƙyalli bayan an kashe, kamar idon kyanwa. Ta tuna masa ɗan kafasitan da ya ɗaura don ya shanye wutar da ke zurarar, da yadda ya tsaya yana yabon kansa. Na uku batir. Ta ce sau uku ta canja. Na huɗu eriya, 'yar wutsiyar wayar nan, in ta kwanta a jikin ƙarfe ba ta ji. Ta ce ya miƙar da ita da hannunsa, har ya ce ko daga bakin titi aka danna za ta ji.

Yatsu suka ƙare.

"Jiya sau tara ta kira ni," in ji Auta. "Sau uku-uku. Ina zuwa in tarar yana barci. Na cire batir na sa a aljihu, ta ci gaba da kira."

Injiniya ya ce to rimot ɗin maƙwabta ne ya shigo mata layi. Ta ce a damansu shago ne da ya shekara a rufe, a hagu kuma wata tsohuwa ce da ko rediyonta sai an kunna mata. Ya cire testar daga bayan kunne, ya duba ta, ya mayar.

Daga nan ya rage murya ya koya mata abin da ya rage. A jikin risibar akwai ɗan madanni. In ta danne shi ta ƙirga goma, fitila za ta yi ƙifce-ƙifce da sauri, ta manta duk rimot ɗin da ta sani. Sai ta sake taɓa shi sau ɗaya. A nan risibar za ta buɗe kunne na minti ɗaya, duk rimot ɗin da aka danna a cikin mintin nan ta karɓe shi, fitila ta ƙifta sau ɗaya alamar ta karɓa. In kuma tana son rufe kunnen kafin minti ya cika, akwai ɗan filogi da ya sa mata a can cikin silin. Ta zare, ta mayar, shi ke nan, abin da ta koya ta koya.

"Rimot ɗaya, ƙiftawa ɗaya," in ji shi. Ya gyara kwandon da ba ya buƙatar gyara. "Ranar da na haɗa muku dai, sau biyu ta ƙifta."

"Ba ka faɗa ba."

"Na ɗauka kyauta ce daga kamfani."

Ta roƙe shi ya zo ya yi da kansa. Ya dafa baya ya ce tun safe yake fama. Ta ce ɗazu ta gan shi ya ɗaga janareta. Ya ce, a ilmance, ba a hawa silin in rana ta faɗi, ƙa'idar aiki ce, ta bari sai gobe da hantsi. Ya san kuwa kwanan nan ba a kawo wuta sai yamma, kuma babu wuta babu koya wa risiba. Bai san dai yunifom arba'in na jiran ta ba, sha ɗaya ba a ko haɗa hannayensu ba, kuma shugabar makaranta ta ce ƙarfe takwas na safe, in ta sake makara akwai masu keke da yawa a gari. Ta ɗauki rimot ɗinta ta juya.

An kawo wuta tana kan hanya. Ta ji firij-firij na shaguna sun ɗauka lokaci guda. Da ta karyo kwanar layinsu sai ta hango tagar ɗakin ɗinki. Haske ya sauka a hankali, ya tashi. Ya sauka, ya tashi. Ya sauka, ya tashi.

Ta dubi rimot ɗin da ke hannunta. Duk da haka ta yi gudu, don jiki ya saba.

Baba na nan yadda ta bar shi, idonsa biyu. Ɗakinsa makunni ne na bango irin na da, fitilarsa ba ta da wani yare. Ta kunna, ta ba shi ruwa da cokali, ta goge masa gefen baki. Ta ga idonsa bai sauka a kanta ba, yana kan silin. Don ta kawar masa da hankali sai ta shiga kwaikwayon Yaya: ta tura ciki gaba, ta rataya tabarau na ƙarya a karan hanci, ta yi ɗan tarin nan da take ƙara wa Yaya, wanda shi Yayan ba ya yi.

"Ehem. Auta, duniya ta ci gaba. Komai na'ura ce."

Rabin bakin Baba ya motsa, ƙirjinsa ya yi rawa. Dariyarsa ke nan yanzu. Ta gaya masa za ta hau sama ta yi wa na'urar Yaya wankin ƙwaƙwalwa, minti biyar. Dariyar ta ɗauke.

Ƙofar silin tana kusurwar ɗakin ɗinki, ɗan murabba'in katako da ake turawa sama. Tsaninsu gajere ne. Sai da ta taka matakalar ƙarshe ta yi ɗage sannan kanta da kafaɗunta suka shiga. Zafin yini duka yana can a tare. Warin ƙura, warin kashin ɓera, da wani ƙauri kamar an ƙona roba an daɗe. Kwanon rufi yana hucewa, yana ƙas, ƙas, nan da can. Ta haska tocilar waya. Risibar tana kan katako, nisan hannu guda, ɗan filoginta a bayanta, ya fi ta nisa kaɗan.

Ta danne, ta ƙirga goma. Hasken da ke tasowa ta gefen jikinta daga ɗaki ya yi rawa da sauri, ya tsaya. Ta taɓa madannin sau ɗaya, ta ciro rimot daga aljihu ta danna.

Fitila ta ƙifta.

Ta saki numfashi. Har ta fara tsara yadda za ta kwaikwayi Injiniya gobe a gabansa.

Fitila ta sake ƙiftawa.

Ta tsaya da rimot a hannu. Babu abin da ke motsi sai ƙurar da ke yawo a hasken tocila. Ta ce wa kanta wataƙila yatsanta ne ya danna sau biyu, ai hannu na rawa in mutum yana ɗage.

Ta sake goge ƙwaƙwalwar. Wannan karon ta shirya: ta taɓa madanni, ta danna rimot, ta sake shi cikin aljihu ta kai hannu ga filogi. Ƙiftawa ta farko ta zo. Hannunta bai kai rabin hanya ba ta biyu ta biyo.

Kuma ta ji ta. Wata 'yar ƙara, ƙis, daga can ƙarshen rufin inda tocila ba ta kaiwa. Ba irin ta kwano ba ce. Irin ta madanni ce.

Ta sauko a hankali. Yunifom sha ɗaya suna kan tebur, shuɗaye, babu hannaye. Ta dube su ta dubi ramin da ke sama. Ta san abin da mai hankali zai yi: ya ja katakon ya rufe, ya kashe babban makunni, ya kwashe keke ya koma ɗakin jinya. Ta kuma san ɗakin jinya. Ta san warinsa, ta san yadda yini ke tsayawa a cikinsa, ta san fuskar matan da ke cewa za su dawo ba su dawo ba. Shekara biyar da rabi ta yi a can kafin kwalin nan ya zo.

Lissafin ba shi da wuya. Dole hannunta ɗaya ya riga ya kasance a kan filogi, ɗayan yana riƙe da katako kada ta faɗo. Rimot sai dai wani ya danna.

Ta koma wajen Baba ta durƙusa. Ta buɗe masa tafin hannu ta sa rimot, ta ɗora babban yatsansa a kan madannin ƙara haske. Ta ce in ya ji ta kira, ya danna, sau ɗaya kawai. Ya dube ta. Ya kai ido kan silin, ya dawo da shi kanta, ya girgiza kai iyakar yadda wuyansa ke yarda.

"Baba, don Allah," ta ce a hankali. "In ban gyara ba, nan zan dawo."

Ba ta so ta fito haka ba. Ta ga maganar ta shige shi. Ya runtse ido, ya buɗe, yatsansa ya gyara zama a kan madannin.

Ta bar ƙofofin biyu a buɗe don ya ji ta. A waje sauran jan da ke sama ya ƙare. Wani ya wuce da babur, ƙarar ta yi nisa ta ɓace.

Ta hau. Ta ajiye wayar a kan katako, haskenta na kallon sama. Ta goge ƙwaƙwalwar a karo na uku. Ta taɓa madanni, ta miƙe iyakar tsawonta, yatsunta biyu suka kama filogi. Ta fara ƙirga a zuci.

"Baba, danna."

Shiru. Ta san yatsan nan. Yakan ɗauki lokaci kafin saƙo ya isa gare shi, yakan yi rawa, ya zame, ya dawo.

Bakwai. Takwas.

Fitila ta ƙifta.

Saura kaɗan ta zare. Abin da ya tsayar da ita ƙarar ce. Ƙis. Ba daga ɗakin Baba ba. Daga gefen kunnenta na dama.

In ta zare yanzu, risibar za ta rufe kunne da abin da ta koya, kuma ba Baba ta koya ba.

Tocilar waya ta mutu.

Hasken ɗaki ya fara sauka. Ba ƙiftawa ba, sauka a hankali, irin yadda Baba ke yi in yana son ruwa. Fari ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawa ya koma ja.

Sha tara. Ashirin.

Ƙaurin ya ƙaru. Zafin da ke cikin rufin ya janye daga ɓarin fuskarta guda, kamar an buɗe firij kusa da ita.

Wani abu ya kwanta a kan wuyan hannunta, wanda ke riƙe da filogi. Busasshe ne, mara nauyi. Ya zagaye hannun sau ɗaya, ya sake zagayewa.

"Ehem."

"Auta, duniya ta ci gaba."

Ba muryar Yaya ba ce. Tata ce, in tana yin Yaya. Har da ɗan jan hancin da take yi a ƙarshe.

Ta buɗe baki ta kira Baba. Ƙura ta cika shi. Babu abin da ya fito.

Talatin da huɗu.

Sai ta ji an kira shi. Da muryarta ta gaske, da ƙarfi, yadda zai ji daga ɗakinsa, da 'yar gajiyar nan da take yi masa magana da ita in yamma ta yi.

"Shi ke nan Baba, ya yi. Ka huta."

Ta ja hannu. Bai motsa ba. Aka ja shi, ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake jan yaro a kasuwa. Ƙafarta ɗaya ta bar tsani.

Hasken ƙasa ya rage kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Arba'in da tara. Hamsin.

Gefen katako ya shiga haƙarƙarinta. Ɗayar ƙafar tana kan tsani da yatsu biyu.

Hamsin da shida.

Fitila ta ƙifta.

Sannan hasken ya tashi. Gaba ɗaya, fari fat, ya taso ta gefen jikinta ya cika rufin.

Ta gani, duk da ba ta so ba. Abin yana tsugune a kan katako, launinsa launin ƙura, gwiwoyinsa sun wuce kansa. Hannu ɗaya na riƙe da ita. Ɗayan a buɗe yake, babu komai a ciki, babban yatsan yana danna tsakiyar tafin, yana rawa, yana zamewa, yana dawowa, daidai yadda na Baba ke yi. Ƙarar kuwa da bakinsa yake yin ta.

Ƙis.

Haske ya sauka.

Ya tashi.

Ƙis. Ƙis.

Ya sauka rabi, ya yi rawa, ya tashi, ya tsaya. Wani a can ɗakin ya danne bai saki ba.

Riƙon ya sassauta.

Ba filogi kaɗai ta kama ba. Ta damƙi risibar gaba ɗaya ta saki jikinta. Wayoyi suka tsinke, wuta ta yi tartsatsi, tsani ya tafi gefe. Ta faɗo a kan teburin yanka, ita da yunifom da almakashi suka zube ƙasa cikin duhu.

Ba ta dubi ramin ba. Da rarrafe ta bi zirin hasken da ke fitowa daga ɗakin Baba, ta shiga ta tura ƙofa da ƙafa.

Rabin jikinsa ya zamo daga gado, kansa yana rataye. Gumi ya jiƙa masa riga. Rimot na hannunsa, madannin ya nutse ciki bai dawo ba, farcen babban yatsan ya tsage yana jini, kuma har yanzu yana dannawa. Sai da ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta mayar da shi kan filo, ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da gadon. Yadda ya gane ba ita ce ta ce ya huta ba, ba ta sani ba, kuma ba shi da bakin faɗa mata.

Washegari da hantsi Injiniya ya zo. Ya ga risibar a tsakar ɗaki da wutsiyoyinta a tsinke, ya ga shatar da ta zagaye wuyan hannun Auta sau biyu, bai ce a ilmance ba. Ya sa makunnin bango, ya haɗa fitilar kai tsaye ta ƙasa ba tare da ya leƙa sama ba, ya buga wa ƙofar silin ƙusa takwas. Da zai tafi ya ce akwai ƙararrawa mara waya da ake sa wa marasa lafiya, ita ma da risibarta. Auta ta dube shi kawai. Ya ce shi ma bai ce a saya ba.

Yunifom sun isa makaranta ƙarfe biyu na rana, tara babu hannaye. Shugabar ta karɓa ta yi godiya mai sanyi. Zangon da ya biyo baya wata ce ta ɗinka.

Fitilar ɗakin gaba ba ta ƙara yin komai ba sai abin da aka sa ta. Tana nan lafiya lau, babu kowa a ƙarƙashinta. Keke ya koma ɗakin jinya, a tsohon gurbinsa tsakanin gado da bokiti, ƙafafunsa suka faɗa daidai cikin ramukan da suka bari a leda. Yatsan Baba bai warke da kyau ba. Ko ya warke ma, babu abin dannawa. In yana son ruwa yanzu sai ya jira ta ɗago kai.

Yaya ya kira bayan sati. Ya ce ya ji an lalata kayan da ya aiko, kuma bai yi mamaki ba, don na'ura sai da ilimi. Ya ce ba komai, akwai sabuwa da ake haɗawa da wayar hannu, har daga inda yake zai iya ganin sau nawa Baba ya kira da kuma minti nawa ta ɗauka kafin ta amsa. Ta saurare shi har ya gama. Ya tambaye ta ko akwai wani abu kuma da take so a aiko.

"Ka zo ka kwana uku," ta ce. "In yi barci."

Ya ce zai duba yadda aiki ya yi, wannan watan dai da wuya. Sannan ya ce ta ɗauki hoton mazaunin ƙwan fitilar ta turo masa, kada ya sayo wanda bai shiga ba.

Ta ajiye wayar. Baba yana kallonta, ya ji komai, idonsa ya cika bai zubo ba. Ta gyara masa bargo ta ce ba komai, ta koma kan keke. Ba ta ɗora ƙafa a kan feda ba, don in keke ya ɗauki gudu yana rufe numfashinsa, kuma numfashin ne kaɗai kiran da ya rage. Ta kama wilin keken da hannu tana juyawa a hankali, ɗinki ɗaya, ɗinki ɗaya, kunnenta na kan gado.